PHQ-9 da GAD-7, DASS-21 ko IES-R: Da Wanne Za a Auna Halin da Annoba Ta Jefa Ɗaliban Jami'a?

A farkon shekarar 2020, korona na tsaka da yaɗuwa a ƙasar Sin, wasu masu bincike suka raba wa ɗalibai 7,143 na kwalejin likitanci da ke Changzhi takardar tambayoyi bakwai ta auna fargaba da ake kira GAD-7. Abin da ya bazu daga binciken shi ne kashi 24.9 cikin 100 na ɗaliban suna fama da fargaba. Wanda ya buɗe rahoton ya duba da kyau kuwa zai tarar kashi 21.3 tasu fargabar mai sauƙi ce, kashi 2.7 matsakaiciya, kashi 0.9 kacal ke da mai tsanani. Da an ja layi a maki 10, inda waɗanda suka tsara ma'aunin suka ce a ja, wato a ƙirga waɗanda makinsu ya kai 10 kawai, da adadin ya tsaya a kashi 3.6. Ɗaliban ba su canza ba, amsoshinsu ma haka. Wurin jan layi kawai ya raba "ɗaya cikin huɗu" da "ƙasa da ɗaya cikin ashirin da biyar".

Saboda haka malami, ko ɗalibin digiri na biyu, ko jami'in sashen kula da harkokin ɗalibai da ke shirin irin wannan aiki, yana bukatar sanin abin da kowace takarda ke aunawa kafin ya raba ta. Ga guda uku daga cikin waɗanda suka fi yawa a binciken da aka yi wa ɗalibai tun daga 11 ga Maris 2020, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba: PHQ-9 haɗe da GAD-7, sai DASS-21, sai IES-R.

PHQ-9 da GAD-7 kusan kullum tare ake raba su, gida ɗaya ma suka fito. Kroenke da Spitzer da Williams ne suka wallafa PHQ-9 a 2001, GAD-7 kuma ta biyo baya a 2006. Ta farkon tambayoyi tara ce a kan ciwon damuwa: rashin sha'awar komai, yanke ƙauna, matsalar barci, gajiya, cin abinci da ya ragu ko ya ƙaru, ganin kai a matsayin wanda ya gaza, kasa tattara hankali, sanyin jiki ko rashin iya zama wuri ɗaya, sai kuma tunanin gara a mutu. Ana tambayar makonni biyu da suka wuce, kowace amsa daga 0 zuwa 3, jimilla 27. Maki 5, 10, 15 da 20 su ne matakan tsanani. GAD-7 tana auna fargaba irin ta tunani: kasa daina saƙe-saƙe, damuwa da abubuwa barkatai, saurin fushi, jin kamar wani mugun abu na tafe. Makinta ya tsaya a 21. Duka biyun kyauta ne, ba a neman izinin kowa, kuma ɗalibi zai gama su a waya cikin 'yan mintuna.

Babban ƙarfinsu shi ne an gwada su da ganawar ƙwararru, an san yawan kuskurensu. A binciken da aka fara gwada ta, layin maki 10 na PHQ-9 ya kama kashi 88 na masu ciwon, ya kuma wanke kashi 88 na marasa shi. Da jin haka mutum zai ce ai shi ke nan. To amma a yi lissafi. A ce cikin ɗalibai 1,000 mutum 100 ne ke da ciwon damuwa na haƙiƙa. Takardar za ta kama 88 daga cikinsu, sannan ta haɗa da 108 daga cikin 900 ɗin da lafiyarsu ƙalau. Rahoto zai fito da 196, kusan ninki biyu. Haka aka gani a zahiri: wani nazari na 2020 da Levis da abokan aikinsa suka yi, inda suka tattara bincike da yawa, ya nuna PHQ-9 ta ba da kashi 24.6 a mutanen da ganawar ƙwararru ta ba da kashi 12.1. Don haka duk wanda ya yi amfani da ita sai ya rubuta "ɗaliban da makinsu ya kai 10", kada ya rubuta "ɗaliban da ke da ciwon damuwa". Takarda tana tantancewa ne, likita ke tabbatarwa.

Akwai kuma wani rauni da annoba ke ƙara fito da shi. Tambayoyin barci, gajiya, cin abinci da tattara hankali huɗu ne cikin tara, makinsu kaɗai zai iya kai 12. Ɗalibin da aka rufe wa makaranta, ya koma kwana a kan waya yana tashi da azahar, ko wanda bai daɗe da warkewa daga cutar ba jikinsa ba ƙarfi, zai iya tsallake layin 10 alhali zuciyarsa ba ta karaya ba. Maganin wannan ba shi da wuya: a duba tambayoyi biyu na farko daban, wato rashin sha'awa da yanke ƙauna, a ga ko su ma sun tashi. A kuma bar tambayar nan ta ƙarshe da ba a ba ta maki, wadda ke tambayar ko matsalolin sun hana mutum aiki ko mu'amala da jama'a. Mutane da yawa suna cire ta don rage tsawo, ita kuwa ta fi kowacce faɗa wa hukumar jami'a abin da take son ji, wato ko karatu ya tsaya.

DASS-21 daga Ostareliya ta fito, aikin Lovibond da Lovibond na Jami'ar New South Wales, a 1995. Asalinta tambayoyi 42 ne, aka taƙaita zuwa 21, bakwai-bakwai a kan damuwa, fargaba da matsin rai. Mako ɗaya take tambaya. Ita ma kyauta ce. Farin jininta a wajen ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu a bayyane yake: takarda ɗaya, sakamako uku, teburi ya cika.

Ɓangarenta na damuwa ya fi PHQ-9 tsafta a lokacin kulle, domin babu barci ko abinci ko gajiya a ciki. Abin da take tambaya shi ne ko mutum ya daina jin daɗin komai, ko ya ga babu abin da yake sa rai da shi, ko rayuwa ta zame masa ba ta da ma'ana. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ke damun ɗalibin da bai san ranar da zai koma aji ba, balle ranar kammalawa. A wannan fuskar na fi son ta.

Matsalar tana ɓangaren fargaba. Tambayoyinsa sun karkata ga jiki: bushewar baki, wahalar numfashi, karkarwar hannu, bugun zuciya. A annobar da cutarta ke kama huhu, tambayar "ka sha wahalar numfashi?" ba za ta bambance mai fargaba da mai ɗauke da ƙwayar cutar ba. Ga shi kuma layin ɓangaren a ƙasa yake, maki 8 ya isa a ce akwai fargaba mai sauƙi, 10 matsakaiciya, bayan an ninka. Batun ninkawar ma wani tarko ne. Matakan tsanani an tsara su ne a kan takarda mai tambayoyi 42, don haka dole a ninka makin DASS-21 sau biyu kafin a ɗora shi a kansu. Wanda ya manta zai ga kusan kowa lafiya lau. Mai karanta rahoto ya fara neman jimlar da ta ce an ninka, in bai gan ta ba ya yi hattara da alƙaluman.

Abu na biyu da ake yawan tsallakewa: irin fargabar da GAD-7 ke aunawa, ta saƙe-saƙe da kasa sakin jiki, a DASS-21 ta fi kusa da ɓangaren matsin rai. Wanda ya jera "fargabar" DASS-21 kusa da "fargabar" GAD-7 yana kwatanta jami'a biyu, ya haɗa awo da mudu biyu da ba girmansu ɗaya ba. Sannan sunayen matakan, mai sauƙi, mai tsanani da sauransu, an yanka su ne bisa yadda maki ya rarrabu a cikin jama'a, ba a ɗaure su da tabbacin likita kamar na PHQ-9 ba. Su kansu masu takardar sun yi gargaɗin cewa wanda ya faɗa matakin "mai sauƙi" ya ɗan haura matsakaicin jama'a ne kawai, yana iya kasancewa can ƙasa da masu zuwa neman magani. Kuma babu tambayar kisan kai a cikinta. Wasu na ɗaukar haka a matsayin sauƙi, domin kwamitin ɗa'ar bincike ba zai tsananta ba. Ga jami'ar da ke son sanin wa za ta fara taimaka wa, giɓi ne babba.

IES-R ita ce sunanta ya fi ruɗar mutane, domin yana nufin auna tasirin wani abu da ya faru, sai mai bincike ya ga kamar don aikinsa aka yi ta. Weiss da Marmar ne suka fitar da ita a 1997, gyaran wadda Horowitz ya yi a 1979. Tambayoyi 22 ne, kwana bakwai, maki har 88, kuma da yawa suna jan layi a 33. Abin da take aunawa alamomin firgicin da ke biyo bayan mummunan abu ne: hoton abin ya riƙa faɗo wa mutum a rai, mafarkinsa, guje wa duk abin da ke tuna masa, saurin razana. Ɗaya daga cikin binciken farko a Sin, wanda aka yi wa mutum 1,210 a ƙarshen Janairu da farkon Fabrairun 2020, ya haɗa ta da DASS-21, ya ruwaito kashi 53.8 sun ce tasirin a kansu matsakaici ne ko mai tsanani. Daga nan mutane da yawa suka bi sahu.

A ganina ba ta dace da mafi yawan ɗalibai ba. An gina ta ne a kan abu ɗaya da ya faru ya wuce, kamar haɗarin mota ko hari. Annoba kuwa ana cikinta ne, wata da watanni. Idan aka tambayi ɗalibi ko abubuwa na yawan tuna masa da ita, alhali rediyo da waya ba su da wani zance, me zai ce? Idan aka tambaye shi ko yana zama cikin taka-tsantsan, ai abin da hukumomin lafiya suka umarce shi ke nan. Maki zai hau, amma biyayya aka auna. Sannan "abin da ya faru" ya bambanta daga ɗalibi zuwa ɗalibi: wani rasuwar mahaifi, wani ɗage jarrabawa, wani rasa ɗan aikin da yake biyan kuɗin makaranta da shi. Inda take da amfani shi ne ga ɗaliban likitanci da na jinya da suka yi aiki a ɗakunan masu cutar, ko waɗanda suka kwanta rai a hannun Allah, ko aka yi musu rashi. A nan ma a sa ɗalibi ya fara ambata takamaiman abin da yake amsawa a kai. Mai son wadda ta dace da ƙa'idojin tantancewa na yanzu ya duba PCL-5 mai tambayoyi 20.

Su kuma ma'aunan da aka ƙirƙira musamman don korona, kamar na tsoron cutar mai tambayoyi bakwai da Ahorsu da abokansa suka gwada a Iran a 2020, ko na fargabar korona mai tambayoyi biyar na Sherman Lee, ƙari ne kawai. Babu makinsu na kafin annoba, kuma ba za su yi aiki a annoba ta gaba ba sai an sake rubuta su. Ban da haka, matashi na iya zama bai tsoron cutar ko kaɗan amma zaman gida ya gama da shi.

Akwai wasu da za a iya wucewa da sauri. K10 da 'yar ƙanwarta K6 suna ba da maki ɗaya na ƙuncin rai gaba ɗaya a cikin wata guda, suna da kyau idan ana son kwatanta ɗalibai da alƙaluman ƙasa inda aka saba amfani da su. SRQ-20 ta Hukumar Lafiya ta Duniya amsarta e ko a'a ce, ta fi sauƙi idan ta waya za a kira mutane. WHO-5 tambayoyi biyar ne a kan walwala, babu ambaton ciwo, ɗaliban da ke ƙyamar zancen taɓin hankali sukan amsa ta ba tare da ɗari-ɗari ba. PSS-10 na auna yadda mutum ke jin al'amura sun fi ƙarfinsa, sai dai ba ta da layin da likitoci suka amince da shi. GHQ-12 tana da lasisi, sannan amsoshinta na kwatanta yau da yadda aka saba, to idan kulle ya yi wata shida, ƙuncin ya zama abin da aka saba.

Duk wannan zaɓi na takarda ne. Akwai zaɓin da ya fi shi nauyi, wato sau nawa za a auna, kuma su wa. Kalmar tasiri na bukatar a kwatanta halin da ake ciki kafin abu ya faru da na bayansa. Ɗaliban jami'a dama can ba su rasa matsala ba: binciken da aka wallafa a 2018 a ƙarƙashin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya, a jami'o'i 19 na ƙasashe takwas, ya gano kusan kashi 31 na 'yan aji ɗaya sun nuna alamar wata larurar ƙwaƙwalwa a cikin shekarar da ta gabata. Wanda ya auna sau ɗaya a tsakiyar kulle ya sami kashi 30 bai nuna annoba ta yi komai ba.

Dubi bambancin da tsarin bincike ke kawowa. A Birtaniya akwai wani dogon bincike da ke bin gidaje iri ɗaya shekara da shekaru. Da shi aka ga masu ƙuncin rai da ya kai a damu sun tashi daga kashi 18.9 a 2018 zuwa 2019 suka kai kashi 27.3 a Afrilun 2020, kuma 'yan shekara 18 zuwa 24 na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Wannan magana ce mai tushe, domin mutanen da aka auna a baya su ne aka sake aunawa. A 2023 kuma mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa nazarin bincike 137 da suka kwatanta kafin annoba da lokacinta, aka ga alamomin damuwa a ɗaliban jami'a sun ƙaru, amma ƙarin ɗan kaɗan ne idan aka ɗauki matsakaici. Wannan bai ƙaryata wahalar da wasu suka sha ba. Matsakaici na iya ɓoye ɗalibin da komawa gida ya zame masa hutu da wanda ya koma gidan da babu kwanciyar hankali, ɗaya ya sauka ɗaya ya hau.

Yawan masu amsawa ma ba ya rufe wannan giɓi. A Faransa an yi wa ɗalibai 69,054 tambayoyi a lokacin kullen farko, adadi mai ban sha'awa, amma kusan kashi 4 ne kacal na waɗanda aka aika wa, kuma fiye da kashi 70 mata ne. Hanyar da aka fi bi, a jefa mahaɗin tambayoyi a zaurukan WhatsApp a ce kowa ya tura gaba, ta fi wannan rauni: ba ka san adadin waɗanda suka gani ba, wanda abin ya dama shi ya fi saurin amsawa, wanda ba shi da data ko ciwon ya kwantar da shi ba zai bayyana ba sam. Ɗalibai 600 da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a daga rajistar makaranta, aka bi su da tuni har mafi yawansu suka amsa, sun fi 6,000 na tura-gaba daraja. A kuma lura da kalanda. Idan awon farko ya faɗo makon jarrabawa na biyu kuma bayan hutu, jarrabawa aka auna.

To wanne za a ɗauka? Idan jami'a na da tsofaffin alƙaluma da aka tara da wata takarda kafin annoba, a maimaita wannan takardar, ko da ba ita ce mafi inganci ba, da kalmominta yadda suke. Damar kwatantawa ta fi duk wani fifikon da sabuwa za ta kawo. Idan daga tushe za a fara, kuma manufar ita ce a san yawan masu bukatar taimako da kuma yadda abin ke sauyawa, zaɓina PHQ-9 da GAD-7, a ƙara tambayoyi uku na kaɗaici daga ma'aunin kaɗaici na Jami'ar California da ke Los Angeles (UCLA), da 'yan tambayoyi a kan abin da ya sami ɗalibi a zahiri: ya kamu, an yi masa rashi, kuɗin gida ya yanke, yana iya shiga darasi ta intanet. Waɗannan ne ke ba maki ma'ana. A maimaita wa mutanen nan dai bayan wata uku ko shida. DASS-21 ta fi dacewa da mai nazarin alaƙa, misali tsakanin matsin rai da sakamakon karatu, wanda zai yi aiki da maki yadda yake ba tare da raba mutane gida-gida ba. Idan wuri ya ƙure, PHQ-4 mai tambayoyi huɗu ta fi a yanke wata doguwar takarda da ka. Ganawa da ɗalibai ashirin ko talatin baki da baki ba za ta ba da kaso ba, amma ita ce ke bayyana dalilin da ya sa makin ya hau. Idan kuma za a fassara takarda zuwa harshen ɗalibai, a fara neman fassarar da aka riga aka gwada. In babu, mutum ɗaya ya fassara, wani daban ya mayar da ita harshen asali, a gwada a kan 'yan ɗalibai kafin a raba.

Sauran tambaya ta tara a PHQ-9, ta tunanin mutuwa ko cutar da kai. A binciken Faransa da aka ambata, kashi 11.4 sun ce sun yi tunanin kashe kansu, don haka duk wanda ya yi tambayar ya sa a ransa zai sami masu cewa e. Kafin a raba takarda sai an tanadi wanda zai duba amsoshin a kullum, da lambar mai ba da shawara ko asibiti da za ta bayyana nan take ga duk wanda ya amsa da wani abu sama da sifili, a kuma faɗa wa ɗalibai tun farko a wane hali ne za a tuntuɓe su. Idan binciken na ɓoye suna ne gaba ɗaya, babu hanyar komawa ga kowa, kuma babu wannan tanadi, a yi amfani da PHQ-8. Ita ce PHQ-9 ba tare da wannan tambaya ba, layinta ma maki 10 ne, kuma a rubuta a rahoto cewa ba a auna tunanin kisan kai ba.